Awon Jinin Ɗan Aike

Ku 'yan makarantar koyon aikin lafiya da ake turo mana yanzu, ina jin ku kuna cewa ba ciwon da ya kai hawan jini sauƙin dubawa. Wai a naɗa wa mutum ƙyalle a damtse, a danna maɓalli, na'ura ta fito da lamba, a rubuta ƙwaya, na gaba ya shigo. To, madalla da ku. Ni shekara talatin da 'yan kai na yi a ɗakunan shan magani tsakanin ƙasar Ƙaraye da ta Rogo, kuma har na ajiye aiki ban ga ciwon da ya kunyata ni kamarsa ba. Zazzaɓi ka yi masa allura ya tafi, miki ka wanke ka ɗaure. Wannan kuwa ba tafiya yake yi ba, zama yake zuwa yi, kuma gidan da ya zauna, na mai hali ne ko na mara shi, shi ne rabin aikin. Ku gyara zama ku ji yadda na koyi haka, don ba a aji aka koya mini ba.

Farkon shekarun tamanin aka tura ni wani ƙauye a gefen hanyar Rogo, ƙarƙashin Malam Inuwa, wanda yake aikin tun zamanin En'e. Ɗakin namu ciki biyu ne da baranda. Kullum da safe ni ke kunna risho in dafa sirinjin gilashi da allurai, wadda ta dakushe in wasa ta a dutse, sannan in cika kwalabe uku da ruwan magani: fari na ciki, ja na tari, da wani mai ɗacin tsiya da Malam Inuwa ke ba duk wanda ya ga lafiyarsa ƙalau, don kada ya koma gida ya ce ba a kula shi ba. Ƙwayoyi a takardar tsohuwar rajista muke ƙunshe su. Ba ma cewa sau uku a rana. Asuba, azahar, lisha muke cewa, don wannan agogon ne kowa yake da shi.

Wurin zama ma iri uku ne. Akwai kujera mai hannu guda ɗaya, ta dagaci da alhazai da hedimasta. Akwai benci na 'yan tireda da masu keke. Sai tabarma a gindin darbejiya, ta manoma da makiyayan da suka taso tun daga Fulatan da sanyin safiya, mata suna gefe guda. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ban kuma taɓa ganin wanda ya karya ta ba.

Ma'aunin jininmu akwatin katako ne dogo. In ka buɗe murfin sai ka ga bututun gilashi da zaiba a gindinsa, ga ƙyallen naɗawa, ga 'yar robar hurawa wadda mai gyaran keke ya yi wa faci da sholisho har sau huɗu. Kana hurawa zaiba tana hawa, ka saki iska a hankali kana sauraron bugun jini da kunnenka, in jaki ya yi kuka a waje ka sake daga farko. Malam Inuwa yana tattalin akwatin nan fiye da babur ɗinsa. A kabad yake a kulle, ba ya fitowa sai mai kujera ya zo. Ba mugunta ce ta sa ba. Shi ma, kamar kowa a lokacin, ya ɗauka hawan jini ciwon masu maiƙo ne, masu cin nama suna tunanin kayansu da ke kan hanya. Mutumin tabarma in ya ce kansa yana sarawa, rana ce ta doke shi, sai a ba shi ƙwayar ciwon kai ya kama gabansa.

A garin kaf mutum ɗaya ne ke da hawan jini a rubuce, Alhaji Mamuda, dillalin gyaɗa da hatsi. A wani babban asibiti a Kano aka ce jininsa ya ɗan ɗaga, aka ba shi kati, ya dawo da shi yana ji da shi kamar takardar naɗin sarauta. In ana hira a ƙofar gidansa wani ya ɗaga murya, sai ya dafe ƙirji ya ce, "A yi a hankali dai, kun san ni mai hawan jini ne." Ba ya taka ƙafa ya zo wurinmu. Malam Inuwa ne ke ɗaure akwatin a babur duk wata ya je ya auna shi a gida, ya dawo da ƙwan zabi a leda. Ni da ban fi wata biyu a garin ba, sunansa kaɗai na sani.

Ana nan sai aka tura Malam Inuwa kwas na wata uku. Ya miƙa mini makullin kabad da littafin ƙa'ida, ya ce, "Garba, abin da littafi ya ce shi za ka yi. Akwatin nan kuwa in ka fasa shi, kada in dawo in same ka a garin nan."

Ranar kasuwa da hantsi ina tsakiyar wanke wa wani ƙafar da fartanya ta sara, na waiwayo na ga an ajiye kati a kan tebur. Na duba suna, Alhaji Mamuda. Na leƙa baranda na kira sunan da ladabi. Sai wani dattijo dogo, cikin babbar riga shuɗiya mai aiki, ya taso daga kan tabarma ya ce, "Na'am."

Na ce, "Subhanallahi! Ranka ya daɗe, kai ne a tabarma? Bisimilla, ga kujera."

Ya ce, "Likita, da ka bar ni a ƙasa, ya fi mini."

Na dage, ya ɗosana a bakin kujerar kamar wanda aka ce ya zauna a kan murhu. Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, kasuwa, yana ta "lafiya lau" kansa a sunkuye. Da na kama hannunsa na ji tafin duk kanta, na dubi ƙafa na ga faso. Na ce a raina, ka ji mai arzikin ƙwarai, da kansa yake noma, ga tawali'u. Na naɗa ƙyalle na hura. Zaiba ta haura ɗari biyu ina ta jin bugu. Na sake, haka. Na ce, "Ranka ya daɗe, ana shan maganin kuwa?" Ya ce, "Ba fashi, Likita." Na buɗe littafi, littafi ya ce a ƙara. Na ƙara, na rubuta lambar a kati da manyan baƙaƙe, na raka shi har bakin hanya.

Wata ya zagayo ya dawo, rigar nan dai, lamba ta ƙara sama. A nan na ji haushi ya kama ni, na ce lallai yau jinin Alhaji zai san an yi makaranta. Na sake ƙara ƙwayar, na haɗa masa da wadda take sa fitsari.

Ba a yi kwana goma ba sai ga wani a keke yana haki, wai in zo maza, Alhaji ya faɗi a masallaci. A hanya yake gaya mini ai kwanan nan Alhaji ba ya riƙe alwala, kafin a ta da salla ya zagaya sau uku, in ya miƙe kuma sai ya ga duhu. Yau da la'asar ya ɗago daga sujada ya tafi luu ya danne ladan. Na isa da akwati a bayan keke, aka shigar da ni zaure cike da mutane. Ga wani ƙaton mutum mai tumbi kwance a kan darduma, ga kuma Alhajina tsugune a wajen ƙafafunsa, cikin 'yar shara, yana yi masa fifita. Na wuce kai tsaye na durƙusa gaban mai maficin na ce, "Ranka ya daɗe, ashe har ka tashi? Aka ce mini ka faɗi."

Na kwancen ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wannan wa yake gaisarwa? Nomau?"

Ashe da Alhaji ya ji yaro mara gemu aka bar wa ɗakin shan magani, sai ya ce shi ba zai bi layi ba, ba kuma za a kawo masa ɗan koyo gida ba. Ya aiki Baba Nomau ya karɓo masa magani. Baba Nomau baran gidan ne shekara talatin, shi ke riƙe da shanun huɗa, shi ake aike ko'ina. Rigar kuwa kwancen Alhaji ce, ba ya sa ta sai za shi aike mai daraja, don kada ya zubar wa gida mutunci. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Haba Baba, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Likita, sunan mai gida ka kira, shi kuma ya aiko ni, wa zai amsa in ba ni ba? Ka ce in miƙo hannu, na miƙo. Tela ma in zai ɗinka wa Alhaji riga ni yake aunawa, tsawonmu ɗaya. Na ɗauka ku ma haka aikinku yake."

Na auna Alhajin gaskiya, zaiba ta tsaya can ƙasa. Fiye da wata guda ke nan ina ɗura wa mutum maganin ciwon da ke jikin wani. Na yi bayani ina jiran a ce a kira dagaci. Amma ba kusan kashe shi da na yi ne ya ɓata wa Alhaji rai ba. Ya yunƙura ya zauna ya ce, "Tsaya, ɗan samari. Wato lambar nan ɗari biyu da ɗoriya, da nake nuna wa baƙi, ba tawa ba ce?"

Na ce, "Ta Baba Nomau ce, ranka ya daɗe."

"Nomau ya fi ni hawan jini? A gidana? Da me? Me ya ajiye da zai yi tunaninsa?"

Baba Nomau ya ajiye mafici ya duƙa ya ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe. Wallahi ban san ya hau ba."

Da Malam Inuwa ya dawo, sai da ya wanke ni tas, sannan ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Washegari da kansa ya ɗauko akwatin ya ajiye a baranda ya ce, "Fara daga tabarma." Abin da muka gani ya ɗaure mana kai. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wani makiyayi siriri da ba ka ganin tsoka a jikinsa, wani maƙeri, mata masu ciki da ƙafafu a kumbure. Ashe ciwon ya daɗe zaune a gindin darbejiya, mu muna can muna jiransa a kujera. Daga ranar aka daina kulle akwatin, robar ta sha faci na biyar da na shida.

Gano ciwo daban, zama da shi daban. Na buɗe wa Baba Nomau katinsa, na zaunar da shi na karanta masa nasihar da ke cikin littafi, wadda na tabbata wanda ya rubuta ta bai taɓa kwana a ƙauye ba.

Na ce, "Baba, ka rage cin nama."

Ya ce, "To. Na Babbar Salla, ko na suna in an yi haihuwa?"

"Ka riƙa motsa jiki, ka riƙa ɗan taka ƙasa."

"Shekaranjiya a ƙafa na kai saƙo har garin Yammedi na dawo. In ƙara?"

"To gishiri fa? A rage."

"Likita, miyar ruwa ce da kuka da gishiri. In an cire gishirin me za a kira ta?"

Da na zo kan "ka riƙa hutawa" ya dube ni ya tuntsire da dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Katin ma a cikin hula yake ɓoye shi, wai kada a ce Nomau yana gasar ciwo da ubangidansa. Ƙwaya kuwa sai kansa ya sara yake sha, in ya lafa ya bari. Na ce masa wannan magani ba a daina shi har abada. Ya girgiza kai ya ce, "Maganin da ba ya ƙarewa ai ba magani ba ne, abinci ne. Ni kuwa abincina a gidan Alhaji yake." Malam Inuwa yana daga ciki yana jinmu. Haka muka yi ta ja da shi shekaru, yau a sha gobe a bari.

Sai muguwar shekara ta zo, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Motar da ke kawo mana kaya daga sito ta fara tsallake wata, daga baya ta daina zuwa ɗungurungum. Kabad ya koma ba komai sai auduga da shuɗin maganin miki. Muka zama marubuta, mu auna mutum, mu gaya masa lambarsa, mu rubuta takarda mu ce ya je kemis a Ƙaraye, inda ƙwayar wata guda ta kai kuɗin dawar da gida zai ci mako biyu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Masu kujera suka riƙa aikawa Kano ana sayo musu. Masu tabarma su yi mana godiya, su ninke takardar su sa a hula, su tafi gona. Tsohuwa mai daddawa a shekarar ta rasu. Baba Nomau ya fara haɓo, ya ce idonsa yana yin hazo. Malam Inuwa ya auna shi ya ce mini, "Mutumin nan in ya yi damina ɗaya ba magani, jini zai buge shi."

Ranar Juma'a Malam Inuwa ya sa babbar rigarsa ya ce in ɗauko akwati. Muka je wurin Alhaji Mamuda, wanda ɗansa ke aiko masa da ƙwaya gwangwani-gwangwani daga Kano, yana shan biyu kullum duk da mun sha gaya masa sun yi masa yawa. Malam Inuwa ya auna shi, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, jinin babban mutum jini ne mai jin magana. Rabin ƙwaya ya ishe shi. Na talaka ne mai taurin kai, sai an ba shi ɗaya da rabi kafin ya ji. Ga shi kuma ƙwaya in an ɓalle ta ba ta kwana, ɓarna ce. Sai dai in akwai wanda ya saba cin ragowar gidan nan."

Alhaji ya shafa gemu, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ai ka ji magana. Dama na san ba yadda za a yi jinina da na Nomau su zama ɗaya."

Daga nan kullum bayan sallar asuba, a zaure, gaban masu zuwa gaisuwa, Alhaji zai fito da ƙwaya biyu, ya ɓalle ɗaya da farce, ya kora rabi da koko, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Nomau! Ungo ragowa." Baba Nomau ya sa hannu biyu ya karɓa ya haɗiye, don ragowar ubangida ba a mayar da ita. Abin da na yi shekaru ina fama da littafi bai yiwu ba, ya yiwu a safiya ɗaya. Haɓo ya tsaya, zaiba ta sauko. Ni har alfahari nake yi a taron ma'aikata, kamar ni na yi dabarar.

A shekarun nan aikin hajji a tsakiyar damina yake faɗowa. Alhaji ya tashi komawa karo na biyu. Na je sallama da akwatina, na auna shi, na ƙirga masa ƙwayoyin tafiya, na zuba su a gwangwani, na rubuta masa yadda zai sha, har na roƙi tsarabar dabino. Baba Nomau yana tsaye a bayana yana ɗaure kaya. Ban juya na tambayi wa zai riƙa miƙa masa nasa ba. Wannan shi ne kuskurena na gaske. Na farko dariya aka yi aka tashi. Shi ya sa nake ce muku, in kun rubuta wa mara hali magani, kada ku tsaya a kan ko ya gane yadda ake sha. Ku tambaya a hannun wa maganin zai kwana, kuma wa yake da ikon buɗe shi.

Mako biyar da tafiyar Alhaji, wata ranar Talata da hantsi, na ji ƙarar amalanke a ƙofa. Shanun huɗar gidan Alhaji ne ke ja. Baba Nomau yana kwance a ciki, ƙafafu duk taɓo, baki ya karkace, hannun dama yana lilo. A bayan garma ya faɗi. Muka kama shi muka shigar, muka kwantar a kan gadon awo. Tun kafin in hura na san abin da ya faru, ɓarin jikinsa ya shanye, na kuma san ba zai sake riƙe garma ba, haka kuwa aka yi.

Ina ƙoƙarin zare masa 'yar shara sai na ji wani abu mai tauri a aljihu. Na ciro. Gwangwanin ƙwaya ne naɗe da tsumma, an ɗaure shi tare da makullan rumbu. Waɗanda suka kawo shi suka ce ai ranar tafiya Alhaji ya ɗauki gwangwani ɗaya, ya miƙa masa ɗayan da makullai ya ce ya adana masa sai ya dawo. Alhaji bai nufi hana shi ba. Bai dai tuna ba ne, kamar yadda ni ma ban tuna ba.

Ban san sa'ad da na daka masa tsawa ba, mutumin da a haife ya isa ya haife ni. Na ce, "Baba! Duk kwanakin nan yana aljihunka? Kana haɓo kana kallonsa?"

Ya motsa baki da ƙyar, sai da na kai kunne. Ya ce, "Amana ce, Likita. Ba a ce in sha ba."

Na rasa wanda zan zaga, shi, ko Alhaji, ko kaina. Na juya zan ɗauko abin sauraro, ya riƙe mini gefen riga da hannun da ya rage masa. Ya ce in ƙirga su a gaban mutane, kada Alhaji ya dawo a ce wani abu. Na ce ya bari sai an jima. Ya ƙi sakin rigar.

Na zazzage su a kan tebur, na riƙa turawa da cokali biyu-biyu, Malam Inuwa da masu amalanke suna tsaye suna kallo. Sittin cif, yadda aka ba shi.

Na ce, "Sun cika, Baba."

Ya saki rigata, ya lumshe ido, ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya ce, "Alhamdu lillahi."